Yadda Talaka Ke Kai Gwamnati Gaban Alƙali

Ranar 27 ga Oktoba, 2008, alƙalai uku na Kotun ECOWAS, wadda mutanen Nijar suka fi sani da CEDEAO, suka zauna a Yamai suka karanta hukunci. A gefe guda akwai Jamhuriyar Nijar da lauyoyinta. A ɗaya gefen kuwa wata mata ce 'yar shekara 24, Hadijatou Mani, wadda aka sayar da ita tun tana 'yar shekara 12 a yankin Ƙonni. Kotu ta ce Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci gwamnati ta biya ta diyyar sefa miliyan 10. Gwamnati kuma ta biya.

Wanda ya ji labarin a rediyo zai ce ikon Allah, kuma ikon Allah ɗin ne. Amma ta hannun mutane ya biyo: lauya Abdourahaman Chaibou na Nijar, da abokan aikinsa na ƙungiyar Interights, da ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta a Nijar, da Anti-Slavery International ta Landan. Abin da suka yi sana'a ce mai kayan aiki da ƙa'idoji, wadda ake koyo a hankali. A duk ayyukan lauya ban ga wanda ya kai wannan ban sha'awa ba, a ɗauki kukan mutum guda wanda ba shi da kowa, a yi ta sarrafa shi har ya zama da'awar da ƙasa sukutum za ta miƙe ta amsa.

Sai mutum ya san yadda ƙofofin suke kafin ya gane girman aikin. Dokokin ƙasa da ƙasa gwamnatoci ne ke rubuta su, su ke sa musu hannu, kuma tun asali su kaɗai aka tanadar wa kujera a kotunan da ke fassara su. Kotun Duniya da ke birnin Heg a ƙasar Holan, sashe na 34 na dokar da ta kafa ta ya ce ƙasashe ne kaɗai ke iya tsayawa gabanta. Shi ya sa a shari'ar iyakar Najeriya da Kamaru, wadda aka yanke a watan Oktoban 2002, gwamnatocin biyu ne suka yi ta baje taswirori da tsofaffin yarjejeniyoyin Turawa. Masuntan Bakasi da mazauna ƙauyukan Tafkin Chadi irin su Darak, waɗanda gidajensu ake magana a kai, ba su cikin masu shari'ar.

Kotun ECOWAS ma da haka ta fara. An sa hannu kan dokar kafa ta a 1991, alƙalanta suka yi rantsuwa a 2001, suka zauna a Abuja suna jiran wata ƙasa ta kawo ƙarar 'yar'uwarta, babu wadda ta zo. Wanda ya fara ƙwanƙwasa ƙofa wani ɗan kasuwa ne, Afolabi Olajide, da rufe iyakar Najeriya da Benin a 2003 ya jawo masa asara. A 2004 kotu ta sallame shi, ta ce doka ba ta ba ɗaiɗaikun mutane damar shigowa ba. Wannan korar ce ta zaburar da alƙalan kansu, da ƙungiyoyin lauyoyi da na kare haƙƙi, suka yi ta bin gwamnatoci har aka yi wa dokar ƙari a birnin Akra a watan Janairun 2005. Daga ranar, duk wanda aka tauye wa haƙƙinsa na ɗan'adam a ƙasar da ke cikin ƙungiyar yana iya kai ƙara da kansa. Sharaɗi biyu aka gindaya: kada ya ɓoye sunansa, kada kuma ƙarar ta kasance tana gaban wata kotun ƙasa da ƙasa. Akwai sharaɗi na uku da kusan duk kotuna irinta ke sawa, cewa sai mutum ya gama zagaye kotunan ƙasarsa tun daga ƙasa har ƙoli. Wannan ba a rubuta shi ba, kuma rashinsa ne ya sa ƙofar ta Abuja ta fi sauran faɗi.

To amma faɗin ƙofa ba shi ke shigar da mutum ba. Aikin yana farawa nesa da Abuja, a kan tabarma, a zaure ko a tsakar gida, kuma kayan aikin farko kunne ne. Lauyan da ya san abin da yake yi ba ya buɗe littafin doka a zaman farko. Yana barin mai ƙorafi ta faɗi labarinta yadda ya zo mata, ta yi gaba ta dawo baya, ta yi kuka in kukan ya zo. Sai a zama na biyu ko na uku yake fara tsinta. Babbar wahalarsa kwanan wata ce, domin mutanenmu ba da kalanda suke riƙe abin da ya same su ba. Sai ka ji yana tambaya a hankali: "Inna, ranar da suka zo suka tafi da shi, gero na tsaye ko an girbe?" "Kafin babbar sallah ne ko bayanta?" "Wannan yaron da ke bayanki, an yaye wansa a lokacin?" Daga amsoshin nan yake komawa ya duba watan Musulunci ya daidaita shi da na Bature, har ya tsuke lokacin zuwa wata guda ko mako guda. Inda bai iya tsukewa ba, yakan rubuta "wajen watan kaza", ba ya ƙirƙirar rana. Ya san lauyoyin gwamnati rana guda da ta saɓa suke nema su rushe labarin duka.

Yana kuma raba maganar kashi uku a takardarsa: abin da ta gani da idonta, abin da aka faɗa mata, da abin da akwai takarda ko shaida a kansa. Idan ya rubuta, sai ya karanta mata cikin harshenta, jimla bayan jimla, ta ce "haka ne" ko "a'a, ba haka na ce ba", kafin ta sa hannu ko ta dangwala yatsa. Kafin duk wannan akwai maganar da mai tsoron Allah ba ya tsallakewa. Tun da kotun ba ta karɓar ƙarar da ba suna, dole ya gaya mata ƙarara cewa sunanta zai fita, kuma bayan an watse garin nan dai za ta koma, kusa da mutanen da ta fallasa. In ta ce ta fasa, ya naɗe takardunsa. Hadijatou ba ta fasa ba.

Daga nan sai tambayar da ke kayar da sababbin shiga: wa ake ƙara? Zuciya takan ce wanda ya yi zaluncin. Amma a shari'ar haƙƙin ɗan'adam ƙasashe kawai kotun take tuhuma, ba mutum ba, ba kamfani ba. Ƙungiyar SERAP ta Legas ta ga haka lokacin da ta haɗa kamfanonin mai da gwamnatin Najeriya a ƙara guda kan gurɓatar yankin Neja Delta. A 2010 kotu ta cire kamfanonin, sai a 2012 ta kama gwamnati da laifin sakaci wajen tsawata musu. Saboda haka gwanin lauya yana neman bakin zaren da ya haɗa cutar da hukuma, ko dai jami'anta ne suka aikata da hannunsu, ko kuwa sun sani suka naɗe hannu.

A nan ne shari'ar Hadijatou ta cancanci a tsaya a kalle ta da kyau. A 1996 aka sayar da ita kan sefa 240,000, wato jika 240 a lissafin Nijar, ga wani Alhaji Bahaushe mai shekara 46, wanda yake da mata huɗu. Ta shiga gidansa a matsayin sa-ɗaka, abin da ake kira wahaya ko mace ta biyar. Shekara tara tana aikin gida da na gona, ana dukanta, yana kwana da ita ba da sonta ba, har ta haihu. Duk wannan aikin mutum ɗaya ne, ba na gwamnati ba. Ƙari a kan haka, Nijar na da abin kare kanta, domin a 2003 ta yi dokar da ta mai da bautar da mutum babban laifi mai ɗaurin shekara 10 zuwa 30. To ta ina za a kama ta?

Ta takarda. Ranar 18 ga Agusta, 2005, maigidan ya ba Hadijatou takardar 'yantarwa. Ya sa hannu, ita ma ta sa, mai gari ya sa nasa ya buga hatimi. Amma da ta so tafiya ya hana ta, ya ce ai matarsa ce. Mai kallon sama-sama zai ga takardar a matsayin ƙarshen magana, an 'yanta ta, shi ke nan. Lauya kuwa abin da ya gani daban ne. Ba a 'yanta wanda ba bawa ba. Mutumin da kansa ya rubuta ikirarin abin da ya yi, kuma hatimin mai gari ya nuna maganar ba a ɗaki ta tsaya ba.

Sai aka bi sawun takardun kotu ɗaya bayan ɗaya. A watan Maris na 2006 ƙaramar kotun Ƙonni ta ce babu aure tsakaninsu, tunda ba a biya sadaki ba, ba a ɗaura ba, ba a kuma nemi yardarta ba. A watan Yuni babbar kotun Ƙonni ta soke wannan, ta dogara da al'ada. A Disamba Kotun Ƙoli a Yamai ta rushe hukuncin na biyu a kan kuskuren tsari, ta mayar da shari'ar baya, ba tare da ta ce uffan kan bautar ba. Ana cikin haka Hadijatou ta auri wanda take so, tsohon maigidan ya kai ƙara cewa ta yi aure kan aure, kuma a watan Mayun 2007 aka yanke mata ɗaurin wata shida, ta shiga gidan kaso. Kowane ɗayan hukunce-hukuncen nan baƙin ciki ne a wurinta. A fayil ɗin lauya kuwa kowannensu hujja ce mai ɗauke da hatimin ƙasa, mai nuna cewa alƙalan Nijar sun ji kalmar baiwa da kunnensu, sun rubuta ta da alƙalaminsu, babu wanda ya dakata ya ce wannan laifi ne, a kamo mai shi. Bakin zaren ke nan. A kansa kotun ta ɗora hukuncinta, ta ce ya wajaba alƙalin da maganar bauta ta zo gabansa ya tayar da ita da kansa ko ba a roƙe shi ba.

Samun waɗannan takardu kansa aiki ne da ba a yabawa. Ana bin magatakardan kotu a karɓi kwafin da aka buga wa hatimin tabbatarwa, domin hoton takarda kawai ana iya musunsa. Ana neman takardar asibiti tun raunin bai warke ba, da lambar rajistar gidan yari, da takardar shaidar mutuwa. Inda mamaci ake nema wa haƙƙi, kotu na son hujjar cewa mai ƙarar matarsa ce ko ɗansa ne, alhali yawancin aurenmu a zaure ake ɗaura shi da waliyyai da shaidu da goro, ba takarda. Sai lauya ya koma ya nemo limamin da ya ɗaura ko waɗanda suka halarta, su yi takardar rantsuwa. Irin wannan tattara hujja ake bukata a shari'a kamar ta Apo, inda jami'an tsaro suka buɗe wuta a wani kango a Abuja a watan Satumban 2013, suka kashe mutum 8 suka raunata 11, talakawa masu neman na abinci. A 2016 kotun ta ce a biya iyalan kowane mamaci dala 200,000, kowane mai rauni kuma dala 150,000.

In hujja ta taru, sai a nemo mata mazauni a cikin doka. Babban littafin da ake buɗewa shi ne Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan'adam da na Al'ummu, wadda aka amince da ita a Nairobi a 1981. Sashe na 5 ya haramta bauta da cinikin bayi da azabtarwa. Sai dai sashen bai faɗi mece ce bauta ba, kuma lauyoyin Nijar sun ce Hadijatou matar aure ce da ta zauna da mijinta da daɗi da ba daɗi kamar kowa. Don rushe wannan sai da aka yi tafiya mai nisa cikin littattafai. An ɗauko ma'anar da yarjejeniyar hana bauta ta 1926 ta bayar, cewa bawa shi ne wanda ake gwada masa ikon da mai dukiya ke gwadawa a kan dukiyarsa, ko duka ko wani sashe. An ɗauko hukuncin kotun da ta yi shari'ar yaƙin tsohuwar Yugoslabiya, a kan matan da aka tsare a garin Foca na Bosniya, inda alƙalai suka jera alamomin da ake gane bauta da su: hana mutum motsi, toshe masa hanyar gudu, tilasta masa aiki, mallake jikinsa. An ɗauko maganar alƙalan Nurembag bayan Yaƙin Duniya na Biyu, cewa ana iya ciyar da mutum a tufatar da shi da kyau kuma yana nan bawa. Har da wata shari'ar Kotun Duniya ta 1970 a kan kamfanin lantarki na Basalona, wadda a cikinta aka ce hana bauta nauyi ne da kowace ƙasa ke ɗauke da shi a gaban duniya baki ɗaya. Duk waɗannan sun fito a hukuncin Yamai. Abin da ke burge ni shi ne yadda ake ɗaukar kowace alama a ajiye ta kusa da abin da ya faru a gidan nan na yankin Ƙonni, ɗaya bayan ɗaya, har alƙali ya ga sun hau daidai ba tare da an matsa ba.

Rubuta takardar ƙarar kanta yana da tsari da ba a ketarewa. Sunan mai ƙara da adireshinta, ƙasar da ake ƙara, abin da ya faru, sassan dokar da aka taka, hujjojin da za a gabatar, sannan abin da ake roƙon kotu ta yi. Ana rubutawa da ɗaya daga cikin harsunan kotun uku, Turanci ko Faransanci ko Fotugis, lauya ya sa hannu ya haɗa da shaidar cewa yana da izinin aiki a ɗaya daga ƙasashen ƙungiyar. Gwani yana ba kowane sakin layi lamba, kowace takardar hujja ma lamba, ya ɗaure su da juna, ta yadda in ya ce "an tsare ta ranar kaza" nan take alƙali zai ga "duba hujja ta 7". Yadda magini ba ya ɗora tubali sai a kan tubali, haka shi ma ba ya rubuta jimlar da ba ta da abin da ta hau. Yana kuma tsaftace harshensa daga zagi. Kalmomi irin su azzalumai da marasa imani suna sanyaya zuciyar mai rubutu, amma ba sa ƙara wa fayil nauyi ko kaɗan, sukan ma sa alƙali ya yi zaton hujja ce ta yi ƙaranci.

Akwai masu yin abin a gurguje. Su yanko labaran jarida su liƙa, su kira taron manema labarai kafin ma magatakarda ya ba ƙarar lamba, su nemi diyyar da ba su nuna yadda suka lissafa ta ba. Irin wannan ƙara takan mutu tun a bakin ƙofa, kuma ba ita kaɗai take mutuwa ba, domin hukuncin korar yana zama a littafi, gobe lauyan gwamnati ya ɗauko shi ya jefi wani mai gaskiya da shi. Haka nan da yawa daga cikinmu, in zalunci ya faru, mukan cika Facebook da Allah ya isa na kwana uku, alhali a kwanakin nan uku ne ake iya samun takardar likita da sunayen waɗanda suka gani da ido.

Idan an miƙa ƙara, magatakarda na aika wa gwamnati, ita kuma tana da wata guda ta amsa. Kusan kullum amsar farko ba ta taɓa gundarin magana, sai dai ta ce kotu ba ta da hurumi, wato ba ta da ikon sauraron wannan batu, ko mai ƙarar ba ta cancanci kawo shi ba. Nijar ta kawo biyu: cewa shari'ar ba ta ƙare a kotunan gida ba, da cewa Hadijatou ai an riga an 'yanta ta, don haka ba baiwa ba ce da za ta yi kukan bauta. Lauyan kirki ya riga ya hango waɗannan tun yana rubuta shafin farko, ya tanadi amsarsu. Kotu ta yi watsi da duka biyun. Ta ce sharaɗin gama kotunan gida ba ya cikin dokarta, kuma ba za ta ƙara wa talaka shingen da masu dokar ba su sa ba.

Wata dabarar da ta nuna sanin doka ciki da bai ita ce ta wurin zama. Mazaunin kotun Abuja ne, amma dokarta ta yarda ta tashi ta je wata ƙasar in bukata ta kama. Lauyoyin Hadijatou suka roƙi haka, saboda ba ta da halin tafiya kuma shaidunta na Nijar. Aka amsa. A watan Afrilun 2008 kotun ta zauna a Yamai, a gaban jama'ar ƙasar da manyanta, Hadijatou ta tsaya ta faɗi abin da ya same ta da bakinta. An kuma saurari shaidu, har da masanin zamantakewa Diouldé Laya, wanda ya yi wa alƙalai bayanin yadda al'adar wahaya take.

Shirya shaida domin irin wannan rana fanni ne mai zaman kansa. Ba a koya masa abin da zai faɗa, wannan haramun ne a sana'ar kuma tambaya biyu ke tona shi. Abin da ake yi shi ne a sanar da shi yadda ɗakin yake: ga inda alƙalai za su zauna, ga wanda zai yi maka tambaya da zafi, kada ka ji haushi, aikinsa ke nan. "Baba, in ba ka sani ba ka ce ban sani ba. In ba ka gane tambaya ba ka ce a maimaita." Ana kuma roƙonsa ya riƙa yanka magana gajere-gajere yana dakatawa, saboda tafinta. Maganar da ta fito da Hausa ko Zabarmanci sai ta bi ta Faransanci, wani lokaci ta ƙara bi ta Turanci, kafin ta isa kunnen alƙali, kuma lauya mai jin harshen yana kasa kunne ga kowace gaɓa. In shaida ya ce "ya saye ta" tafinta ya juya ta zama "ya aure ta", shari'ar duka na iya karkata a kan wannan, sai ya miƙe cikin ladabi ya ce, "Ya mai shari'a, a gyara fassara."

Ba duk abin da aka roƙa aka samu ba. An nemi sefa miliyan 50, aka ba da 10. Kotu ta ƙi ɗora wa gwamnati laifin nuna bambanci, ta ce wannan aikin maigidan ne. Ta ƙi cewa ɗaurin da aka yi wa Hadijatou ya saɓa ƙa'ida, tunda kotu ce ta yanke shi, ita kuma ba wurin ɗaukaka ƙara ba ce a kan kotunan ƙasashe. Ni ina ganin a batun ɗaurin nan kotun ta yi sassauci fiye da kima, domin an kulle mace ne saboda ta ƙi komawa hannun wanda ya saye ta. Amma dubi amfanin tsara ƙara da kyau: da yake kowace da'awa an tsayar da ita da ƙafafunta, faɗuwar biyu ba ta ja ta ukun ba, kuma ta ukun ita ce uwa.

Ranar hukunci ba ita ce ranar hutu ba. Kotun ba ta da ɗan sanda ko guda. Hukuncinta ana aika shi ne ga hukumar da kowace ƙasa ta ware don zartarwa, a Najeriya ofishin Antoni Janar na Tarayya, daga nan kuma sai yadda gwamnati ta ga dama. A 2016 kotun ta ce Najeriya ta saki Kanar Sambo Dasuki, ba a sake shi ba sai a watan Disamban 2019. A Disamban 2023 ta ce a saki hamɓararren shugaban Nijar Mohamed Bazoum, sojojin Yamai ba su saurare ta ba. A 2008 ta umarci Gambiya ta fito da ɗan jarida Ebrima Manneh, ba a sake ganinsa ba. Saboda haka lauya na komawa ga wasiƙu da bin ofisoshi, ya kai kwafin hukunci majalisa, ya kai wa 'yan jarida, ya ɗauke shi ya shiga da shi kotun gida a wata shari'ar. Wannan kashin aikin ya fi kowanne cin rai, kuma a nan ake gane wanda ya ɗauki shari'ar don mai ita.

Duk da haka gwamnatoci ba sa raina abin, kuma halinsu ne ke nuna haka. A 2009 gwamnatin Yahya Jammeh ta Gambiya ta nemi a gyara dokar kotun a saka sharaɗin gama kotunan gida, ƙungiyoyin lauyoyi da na 'yan jarida suka tashi tsaye, ƙasashen suka ƙi amincewa. A kudancin Afirka kuwa, bayan kotun ƙungiyar SADC ta yanke hukuncin da bai yi wa Zimbabuwe daɗi ba a kan gonaki a 2008, shugabanni dakatar da ita suka yi a 2010. Dalilin tsoron a fili yake. Babu mutumin Ƙonni ko na Apo da aka tambaya lokacin da ake rubuta yarjejeniyar 1926 ko ta 1981, babu kuma akwatin zaɓen da talaka ke jefa ƙuri'a a kan dokar ƙasa da ƙasa. Hanya mafi kusa da yake da ita ta sa baki a cikinta ita ce ya kawo abin da ya same shi a auna da ita. Tun daga 2008, duk alƙalin da zai fassara sashe na 5 yana da hukuncin Hadijatou a gabansa, wato wata mata daga karkarar Nijar ta shiga cikin masu faɗin abin da sashen ke nufi.

Ita wannan ƙofar ta Abuja yanzu ta rufe wa 'yan ƙasar Hadijatou. Ranar 29 ga Janairu, 2025, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Lauyan da wata wahaya za ta zo wa yau sai ya juya ga Kotun Afirka da ke Arusha a Tanzaniya, inda mutum ba ya shiga da kansa sai in ƙasarsa ta ajiye takardar amincewa ta musamman a ƙarƙashin sashe na 34(6). Najeriya ba ta ajiye ba. Ruwanda da Tanzaniya da Benin da Kodebuwa sun ajiye sun janye. Nijar ta ajiye tata a 2021, kuma muddin tana nan hanyar na nan. Sai dai Arusha na tambayar abin da Abuja ba ta tambaya, wato shaidar cewa an bi kotunan gida har ƙarshe, ko an nuna cewa an ja shari'ar fiye da hankali. Ma'ana lauyan zai fara gina fayil ɗin Arusha tun ranar da ya shiga ƙaramar kotu, ya ambaci sashe na 5 a can don kada a ce bai ba alƙalan gida dama ba, ya ɗaukaka ƙara a kan lokaci ko da ya san za a kayar da shi, ya kuma karɓi kwafin kowane hukunci da hatiminsa kafin ya bar harabar kotun.